Lamba Ta Biyar a Littafin Migdalia

Ƙarfe shida na safe ba ta taɓa riskar Migdalia Verdecia a gida ba. Kafin nan ta kurɓi gahawarta mai ɗaci, ta cusa burodin rabon gwamnati a jaka, ta taka da ƙafa zuwa tashar mota. Shekara talatin da huɗu tana zama bayan taga ɗaya, da littafi irin na 'yan makaranta a gabanta, tana rubuta sunan duk wanda bai samu tikiti ba yake jiran kujerar da wani ya fasa. Shagona na aski yana kallon tagar nan, don haka abin da zan faɗa gani na yi, ba ji ba.

Baƙi masu zuwa yawon ganin Kuba su suka fi kowa cin moriyarta. Bature zai shigo da jaka kamar mai ƙaura, ya ga mutane a warwatse, wannan a gindin mangwaro, waccan tana firfita a kan dakali, sai ya ɗauka babu layi, ya nufi taga kai tsaye. Nan take tasha ta ɗauka.

"Kai, mai jan wuya! Mu da ka gani nan hoto muka zo ɗauka?"

"Ku ƙyale shi, jiya ya sauka," in ji Migdalia, ta yafito shi. "Zo nan, ɗana. Ka ce, último? Wato wa ne na ƙarshe? Da ƙarfi mana, ba addu'a kake yi ba. Wanda ya ɗaga hannu shi ne na ƙarshe, kai kana bayansa. Ka tambaye shi wa yake bi, don in ya sulale kada ka zama maraya. Shi ke nan, je ka sha inuwa."

Daga nan sai sauran darasi, rabi da baki rabi da hannu. Kada ya sha ruwan da ba a tafasa ba. Ya riƙe maganinsa da kyau, don in ya ƙare sai ya koma ƙasarsu zai ga wani. Sabulu da takardar bayi su zauna a aljihu. Rigar sanyi a hannu, domin direbobinmu in na'urar sanyi tana aiki ba su san tausayi ba. Lokacin da aka rubuta a allo kuwa, ado ne. Bangon bayanta cike yake da katunan godiya daga ƙasashen da ba ta iya faɗar sunansu.

Mu 'yan gari ba mu aika mata da kati ba. Mu Ƙofar Ƙarfe muke kiranta, saboda babu wanda ya taɓa tsallake suna ɗaya a littafinta. A ƙasar da komai sai da sanayya, ita ba ta da sani. Ni kaina na taɓa kai mata kwalbar man girki a takarda, don ta ɗan matsar da sunan matata gaba.

"Osmel," ta ce, ko kallon kwalbar ba ta yi ba, "mayar mata ta soya maka ayaba. Ita ce ta tara."

Na ji kunya a gaban mutane, kuma na ajiye abin a zuciya.

Shekara goma sha ɗaya da suka wuce, lokacin da man fetur ya yi wuya har motar Habana, babban birninmu, ta koma ɗaya a rana, aka bugo mata waya cewa ƙanwarta Zoraida tana asibiti a can, kuma likitoci sun ce 'yan uwa su zo. Su biyu kaɗai suka rage a gidansu. Littafi yana hannunta, biro yana hannunta. Da ta rubuta sunanta a sama, wa zai ce uffan? Sai ta miƙa wa abokin aikinta Arnaldo littafin, ta zagayo ta gaban taga, ta tsaya cikin rana.

"Último?" ta tambaya.

Wani ya yi dariya. "Yau Ƙofar Ƙarfe ce a waje!"

"Compañera, haba," in ji Arnaldo, yadda muke kiran abokiyar aiki. "Kowa ya san halin da kike ciki. Bari in sa ki."

"Wanda yake gabana ma ba yawo zai je ba. Rubuta ni inda na faɗo."

Ranar farko ba ta samu ba. Washegari da hantsi layi ya matso har ta zama ta biyar. Mota ta iso, direba ya leƙo ya ɗaga yatsu huɗu. Arnaldo ya kira na ɗaya, na biyu, na uku. Ya kira na huɗu, ya ɗan tsaya, yana duban mai sunan ko zai ce wani abu.

Ni ne na huɗu. Kuma ba jinya zan je ba, ba biki ba. Injin aski zan je karɓowa, wanda wani ɗan uwana ya aiko mini daga Miami, kuma ko mako guda zai jira ni. Tana tsaye a bayana da 'yar jakarta, har ina jin numfashinta. Zuciyata ta ce, bari ita ma ta ɗanɗana. Na shige mota na zauna.

Migdalia ta samu kujera kashegari. Ta isa Habana an riga an rufe wa Zoraida fuska. Bayan kwana huɗu ta dawo ta buɗe littafinta, kuma tun daga ranar duk sanda ta kira sunana, da murya ɗaya take kira da na kowa. Wannan ya fi zagi ciwo.

Makon jiya ta ajiye aiki. Aka yanka kek a tasha, aka ba ta takardar yabo. Da mutane suka watse na tsallaka titi na same ta.

"Migdalia, ranar nan ta Zoraida..."

"Layinka ne, Osmel. Ba ka ci haƙƙin kowa ba."

"Ai na san halinki. Ko na ba ki, da ƙi za ki yi."

Shekara goma sha ɗaya da wannan maganar nake lallashin kaina. Ta daɗe tana ninke takardar yabon a cinyarta.

"A'a," ta ce. "Ƙwace ne ba zan yi ba. Da ka ba ni, da na karɓa."

Ke ce uwar layi, Migdalia. Ke ce kika sa talaka marar kowa ya hau mota a kan lambarsa, kika sa baƙo ya bar garinmu ba tare da an wulaƙanta shi ba. Mun gode, ko da yake godiyar ta zo a makare, kuma daga bakin wanda bai cancanci ya yi ta ba.

Ku masu riƙe da littafi a kowace taga, ku riƙe shi kamar yadda ta riƙe. Mu kuma masu tsayuwa a layi, in an kira sunanka, kafin ka ɗaga ƙafa ka waiga ka dubi fuskar wanda ke bayanka. Ni ban waiga ba, kuma Zoraida ta yi ta tambayar yayarta har bakinta ya rufe.