Malam Sale Mai Wasiƙa, Wanda Hannunsa Bai Kai Kunne Ba

Da hantsin ranar Talata ina ofis a makarantarmu ta Birnin Kudu, sai Malama Hansatu ta tsaya a bakin ƙofa, alli na hannunta na hagu. Ta ce, "Hedimasta, direban motar garin Sara ya kawo saƙo. Baba Sale ya cika bayan asuba." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na bar makaranta a hannun mataimakina, muka kama hanya. Ko da muka isa an dawo daga maƙabarta, ƙofar gidan cike da mutane, har da makafi da guragu daga Fagam da Maruta.

Malam Sale marubucin wasiƙa ne a bakin kasuwar Sara. Shan inna ya shanye masa hannun dama tun yana goye, saboda haka da hagu yake rubutu, ajami da boko. Baƙo kan ga hannun ya jefa masa kwabo. Sai ya ɗauka ya ce, "Madalla. Wa za mu rubuta wa?" Ba ya barin mutum ya tafi sai ya yi masa aikin kuɗinsa.

Na san shi ne ta hanyar kuskurena. Ba a daɗe da samun 'yancin kai ba aka tura ni Sara, ina sabon malami, ina ji da takardata. A lokacin babu mai takardar haihuwa. Ranar ɗaukar yara sai a ce yaro ya ɗora hannun dama bisa kansa ya kamo kunnen hagu. In ya kamo, ya isa shiga aji. In bai kamo ba, sai baɗi. Haka aka koya mana, haka nake yi.

Aka zo kan wata yarinya doguwa, ta fi duk na layin tsawo, hannunta na dama a shanye. Ta ɗaga, bai wuce kafaɗa ba. Na ce, "Sai baɗi." Mahaifinta ya ce, "Bara ma haka aka ce, Malam. Dama me mai hannu ɗaya za ta yi da boko?" Ya kama ta za su tafi. Na san in ta fita ranar ba za a sake kawo ta ba, amma na kira na bayanta.

Ashe Malam Sale na zaune a gindin darbejiya yana kallo. Ya taso ya shiga layin yara, da furfurarsa. Da aka zo kansa ya ɗaga nasa hannun, shi ma bai wuce kafaɗa ba. Ya ce, "Malam, ashe ni ma ban kai shekara shida ba. Ka rubuta wa matata takarda, ta daina ce mini tsoho."

Iyaye suka yi dariya, ni kuwa kunya ta rufe ni. Na ce doka ce, kuma mai duba makarantu zai tambaye ni. Ya ce, "Dokar nan shekaru take nema ko hannu? Buɗe bakin yarinyar nan ka duba." Na duba. Ta daɗe da yin famfara, haƙoran manya sun fito reras. Na ce to da wane hannu za ta yi rubutu, alhali muna bugun yaran da suka riƙe fensir da hagu? Ya ce, "Wanda ya halicci dama shi ya halicci hagu. Rabin wasiƙun garin nan da hagu aka rubuta su, ba wadda aka dawo da ita." Ya juya ga mahaifin. "Malam Audu, wasiƙar da ta nemo maka ɗan'uwanka a Kano, da hannu nawa na rubuta ta?" Mutumin ya sunkuyar da kai, ya saki hannun 'yarsa.

Na rubuta sunanta. Ita ce Hansatu.

Daga ranar bai sake barin ranar ɗaukar yara ta wuce shi ba. Ya kan hau jakinsa ya bi ƙauyukan Gwaram yana tambayar mata, "Wa kuka ɓoye a ɗaki?" Ya rubuta wasiƙu har wani kurma ya sami makaranta. Ya dami direbobi har suka saba ba gurgu kujerar gaba. Da kuɗin fetur suka zo aka gina sababbin ajujuwa masu dogayen matakala, ya zauna wa magina a kai har suka yi gangare da ƙasa. Ya kan ce, "Ba tausayi muke roƙo ba. Ku matsa mu zauna."

Na koyar da ɗaruruwan yara, amma darasin da na fi alfahari da shi a layin 'yan aji ɗaya aka koya mini shi. Bana, da aka buɗe makaranta ga kowa, Malama Hansatu na ba rajistar ɗaukar yara. Haƙori take dubawa, ta tambayi uwa a wace kaka aka yi haihuwa. A makarantarmu ba a ƙara ce wa yaro ya kamo kunne ba.

Ya Allah, ka jiƙan bawanka Sale, ka yafe kurakuransa, ka yalwata kabarinsa. Kamar yadda ya buɗe wa na baya ƙofa, ka buɗe masa ta Aljanna. Ka ba matarsa Inna Dije da 'ya'yansa haƙurin rashi, ka albarkaci bayansa. Mu kuma da muka rage a layi, ka sa mu cika da imani. Amin.