Bisimilla a Bangon Faifan Ƴan Barga

A shekarar da ruwa ya ci New Orleans, ina aikin ɗaure kujeru a wani sito a Greensboro. Abokin aikina wani Bature ne mai gashi har gadon baya, kullum cikin baƙaƙen kaya. Shi da wasu mutum uku suna da ƙungiyar kiɗan da suke kira metal, a tsohuwar bargar dawakin kawunsa a Summerfield. Ya taɓa kunna mini kaset ɗinsu a mota. Mawaƙin na gurnani kamar bijimi a hannun mahauta, gangunan kuwa sai ka ce ƙanƙara a kan kwano. Na tambaye shi ko rediyon ce ta lalace.

Wata rana lokacin cin abinci ya tarar ina rubuta wa yayata wasiƙa da ajami.

"Malam," haka ya ji ƴan Nijar na kirana, "wannan rubutu akwai ban tsoro! Rubuta mini sunan ƙungiyarmu da shi."

Ban tsoro, wai. Amma abokin aiki yana da haƙƙi, sai na ɗauki takarda. Tun ina makarantar allo hannuna ba ya fara rubutu sai ya ɗora bisimilla a sama. Na ɗora ban ko lura ba, na rubuta sunan shirmensu a ƙasa, na miƙa masa.

Bayan wata biyu ya kawo mini sabon faifansu yana washe baki. A bangon an zana kan bunsuru yana zubar da jini, tsakanin ƙahonnin kuma ga sunan Allah da rubutun hannuna. Shi a zatonsa duk sunan ƙungiya ne. Na san inda irin wannan takarda ke ƙarewa: ƙasan kujerar mota, teburin giya, kwandon shara.

"Guda nawa kuka buga?"

"Ɗari uku."

"Nawa suka fita?"

Ya sosa ƙeya. "Tara. Biyu mahaifiyata ce ta saya."

Ban taɓa yi wa Allah godiya kan rashin kasuwar wani ba sai ranar.

Da na fahimtar da shi, bai yi gardama ba. Ranar Asabar muka zauna a bargar muna zare takardun bangon ɗaya bayan ɗaya. Na ƙona su a bayan gidana, na binne tokar a wuri mai tsarki. Takwas daga waɗanda suka fita ya karɓo cikin mako guda, don duk ya san gidajen masu su. Na taran yana Finland, wajen mutum ɗaya tak a duniya da ya saya don yana so. Ya yi mini alkawarin dawo da shi.

Sun ƙara fitar da faifai biyu, kowanne ya fi na baya muni, sannan makaɗin gangarsu ya samu aikin inshora, ƙungiya ta watse. Ni ma na bar siton. Amma takardar nan da ta rage a Finland ba ta bar raina ba, ko a sujada.

Shekara uku bayan haka Baturen nan ya ƙwanƙwasa ƙofata, ya yi aski har ban gane shi ba, riƙe da ambulan.

"Mutumin ya ƙi saki, Malam. Wai yanzu abin tarihi ne. Sai da na ba shi asalin kaset ɗinmu na farko."

"To Allah ya ba maƙwabtansa haƙuri."

Na buɗe ambulan na duba, ita ce.

"Na cika alkawari, mun rabu?" in ji shi.

"Mun rabu. Shigo ka sha shayi."