Shekarar da Famfon Landan Ya Daskare

A shekarun da kuɗin fetur suka hau kan gwamnati, duk ma'aikacin da ya iya ɗaura nektai sai an tura shi kwas ƙasar waje. Maigidana yana aiki a hukumar ruwa ta jiharmu, shi ma rabonsa ya tsaga, aka ce ya tafi Landan ya koyo yadda ake kai wa jama'a ruwa ba yankewa. Ni kuma na ajiye allin koyarwa a firamare na bi shi. Yana ce mini Malama, ina ce masa Injiniya.

Mun kama haya a Peckham, gida mai hawa uku. A ƙasa akwai mai gidan, wata tsohuwar Baturiya da mijinta ya rasu, ina kiranta Mama tana jin daɗi. Mu muna tsakiya. A sama kuwa wata nas ce 'yar ƙasar Norway, doguwa, mai tafiya kamar ta makara.

A garinmu famfo ba shi da alƙawari. In ya kawo ruwa yau, sai ka gode masa ka cika duk abin da ka mallaka. Saboda haka makonmu na farko na je kasuwar Rye Lane na sayo sabuwar robar zuba shara mai murfi, babba, na wanke ta tas, na cika ta da ruwa, na girke ta a lungun kicin. Na haɗa da bokiti biyu. Injiniya ya dawo daga makaranta ya tsaya yana kallonsu.

"Malama, wannan fa?"

"Ruwa ne."

"Na ga ruwa ne. Nan Ingila ce fa. Mutanen nan kafin a haifi kakanki suka gama da maganar ruwa. Komai nasu a tsare yake. Don Allah kada Mama ta shigo ta gani, a ce ƙauyawa suka kama ɗaki."

Na ce to. Na yafa wa robar tsohon zane na bar ta a inda take. Duk bayan kwana biyu ina juye ruwan in yi wanki, in sake cikawa.

Bayan sabuwar shekara, wata safiya na ɗaga labule na ga titi ya yi fari fat. Dusar ƙanƙara ce ta sauka, ta rufe motoci, ta rufe shinge, ta kai ƙwauri. Ban taɓa gani ba, kuma gaskiya ta yi kyau. Na kunna rediyo don in ji yadda masu tsari za su yi da ita, sai na ji mai karanta labarai yana magana kamar abokan gaba sun shigo gari. Jiragen ƙasa sun tsaya. Bas-bas sun maƙale. Masu watsa gishiri a kan titi don narkar da ƙanƙara, ashe, suna yajin aiki. Aka kawo wani babba yana cewa abin ya zo musu ba zato. Ƙanƙara, a tsakiyar hunturu, a ƙasar da kowa ke zana ta a jikin katin gaisuwa, ita ce ta zo ba zato.

Injiniya ya ce lacca ba ta jira. Ya sa kwat, ya sa takalminsa na fata mai sulɓi, ya nufi makarantarsu a Bloomsbury. Ina leƙensa ta taga. Kafin ya kai kwanar layinmu ya zauna a ƙasa sau biyu, ba don gajiya ba. Sai bayan la'asar ya dawo, wandonsa jiƙe har gwiwa, leɓɓansa sun yi toka.

"Yaya lacca?"

"An yi cancel. Malamin bai iya fito da motarsa ba."

"A kan me laccar take?"

Ya sunkuya yana cire safa. Da na matsa ya ce a kan shirin ko-ta-kwana ce. Na juya baya ina hura hita don kada ya ga fuskata.

Ita kuwa 'yar Norway tun da sassafe ta sauko da ƙaramin shebur da ta taho da shi daga ƙasarsu, ta share matakalar ƙofa, ta barbaɗa gishirin miya, ta tafi asibiti a ƙafa, ta dawo a ƙafa. Mun haɗu a bene, na tambaye ta ko ba ta ji tsoro ba. Ta yi dariya har da riƙe bango.

"Wannan? A garinmu ko makarantar yara ba za a rufe ba. Kafin mutane su tashi an share hanya. Kowa ya san za ta zo, kowa ya tanadi itace da takalmi. Su waɗannan duk shekara sai su tsaya baki buɗe."

Ita ta koya mini in ɗora safar ulu a kan takalmi in zan fita, don kada in zame. Na gaya wa Injiniya, ya ce shi ba zai shiga jami'a da safa a kan takalmi ba. Ya ci gaba da gaisawa da ƙasa.

Kwana na uku na murɗa famfo don alwalar azahar, ya yi tari sau ɗaya ya yi shiru. Na san wannan tarin. Na ji kamar na haɗu da ɗan garinmu a baƙon wuri. Ba a jima ba aka ƙwanƙwasa ƙofa. Mama ce, ta naɗe wuya da mayafi, riƙe da butar shayi wayam.

"Ya daskare," in ji ta. "Ko kuna da ɗan abin da ya rage a buta? Tun safe ban sha shayi ba."

Na kama hannunta na kai ta kicin, na yaye zanen, na buɗe murfi. Ta daɗe tana kallon ruwan. Injiniya yana bakin ƙofa, ya ƙura wa silin ido kamar akwai rubutu a jiki.

Na tambaye ta me ya sa ruwan ya daskare. Ta kai ni taga ta nuna mini bututun, ga shi nan ya bi bango ta waje, tsirara, ba ko tsumma a jikinsa.

"Mama, me ya sa aka sa shi a waje?"

"Don in ya daskare a ji sauƙin gyarawa."

"In da a ciki yake, zai daskare?"

Ta yi ɗan tunani, ta ce haka dai aka saba ginawa.

Kwana biyar gidan nan yana rayuwa da robar shara. Na koya wa Mama wanka da rabin bokiti da moɗa, ta ce ko a lokacin yaƙi ba ta ga irin wannan dabarar ba. Ruwan banɗaki kuwa ƙanƙara muke kwasowa daga bayan gida, mu narka a tukunya. Tukunya cike fal, in ta narke sai ka ga ɗan ruwa a gindi kamar an yi maka rowa. 'Yar Norway ke kwasowa, ni ke narkawa, Mama na dafa shayi tana la'antar council, wato hukumar gari.

Wata rana muna cikin haka nas ɗin ta ce, "Ku a ƙasarku kun iya shiri ke nan."

Na buɗe baki zan karɓi yabon, har na fara ba ta labarin yadda mahaifiyata ke sa a yaɓe soro a gyara indararo tun kafin hadari ya fara haɗuwa. Sai na tuna kwatar unguwarmu. Duk shekara tana toshe da shara har ruwan farko ya sauka, ya shiga ɗakuna, katangu su zube, manyan gari su zo da rumfar lema su ce abin ya zo ba zato. Na gaya mata hakan. Ta ce to ai mun koyi darasi da kyau a wajen waɗanda suka mulke mu.

Injiniya bai ji daɗin zama ƙarƙashin mulkin roba ba. Rana ta huɗu ya ce zai magance matsalar a kimiyyance. Ya tafasa buta uku daga ruwan da nake tattali, ya leƙa ta taga yana kwarara wa bututun. Bututu bai ko motsa ba. Ruwan ya gangara kan matakalar da nas ta share, ya daskare ya zama gilashi. Mai kawo wasiƙa ne ya fara gwada ta, kuma abin da ya faɗa ba ya cikin Turancin da aka koya mana a kwaleji.

Da sanyi ya sassauta, sai ruwa ya dawo, amma ba ta famfo ba. Bututun ya tsage a daidai inda ya shiga bango. Muna karin kumallo muka ji Mama tana ihu. Muka sauka muka tarar ruwa na zuba daga silin ɗin falonta, kan kujera, kan hoton marigayi mijinta. Shekara arba'in tana gidan, ba ta san inda ake kashe ruwa ba.

A nan dai dole in yi wa Injiniya adalci. Ya karɓi shebur ɗin nas, ya fita titi, ya yi ta tonon ƙanƙara a gefen hanya har ya gano wani ƙaramin murfin ƙarfe. Ya kwanta rub da ciki a cikin laka, ya zura hannu da sifana har kafaɗa, ya murɗa. Ruwa ya tsaya. Mama ta rungume shi tana kuka, shi kuma ya ƙame kamar an kama shi da sata. Sai da yamma muka gane ya haɗa da ruwan gidaje huɗu na maƙwabta, waɗanda nasu ya dawo ke nan a safiyar. Suka zo ƙofa ɗaya bayan ɗaya, cikin ladabi, suna neman afuwa kafin su zage mu.

Mai gyaran famfo ya zo bayan kwana tara, don duk garin layi ake bi. Ya yanke inda ya tsage, ya sa sabo, ya mayar da shi daidai inda yake, a waje, a jikin bango. Nas ta tambaye shi ko ba zai naɗe shi da wani abu ba. Ya dube ta cikin tausayi, ya ce babu buƙata, irin wannan sanyin ba kasafai ake yin sa a nan ba. Ya sha shayi kofi biyu ya tafi. Washegari ni da ita muka yayyaga wani tsohon bargo muka ɗaure bututun da igiyar shanya, Mama tana ƙasa tana roƙonmu mu yi shi da kyau saboda idon maƙwabta.

Mun dawo gida da damina, Injiniya da takardar shaidarsa a cikin firam. Har ya tsufa, in baƙi suka zo aka taɓo hirar Ingila, yakan gyara zama ya ba da labarin ranar da ya ceci layi guda daga ambaliya, Turawa suna tsaye suna kallo. Ni dai in na kawo musu abinci sai in ce ƙwarai kuwa, ina wurin aka yi.