Dokta Lasau a Bayan Kabu-kabu

Bari in fara da tona wa kaina asiri: ni Hadiza na taɓa barbaɗa wa kakana ƙasa a kan ƙosai. Wallahi ba da gangan ba! Gwangwanaye sun fi dubu a ɗakinsa, na buɗe ɗaya na ga jan gari, na ce barkono ne. Ya jefa ƙosai a baki, yashi na ƙaras-ƙaras, ya lumshe ido.

"Jiratawa, bakin hanyar ruwa," in ji shi. "Amarya, gishirin gonar nan ya ƙaru. Miƙo min bik."

Ya rubuta, sannan ya cinye sauran.

Ku da kuka san kakan nawa, Dokta Sama'ila, ba za ku yi mamaki ba. Ilimin ƙasar noma yake koyarwa a jami'a nan Maraɗi, kuma ba ya yarda da ƙasa sai ya ɗanɗana ta. Shi ya sa ɗalibai suka sa masa Lasau. Kakata Hajiya ta ce rabin gonakin Tibiri na cikinsa, ranar da ya cika shan ruwa gero zai tsiro ta kunnensa.

A aji ba ya kiran suna, hannu yake dubawa. "Ɗalibin noma da farce fari fat? Kai ango ne?" Daga nan sai tambayarsa ta kullum: "Ka karya?" In ka ce a'a, ya zaro ƙuli-ƙuli daga aljihu, aljihun nan dai da yake zuba ƙasa. "Ci. Ba na koyar da mai jin yunwa, kukan cikinsa ya fi muryata."

Ga maƙo! Kekensa ya girmi uwata. Daga unguwar Zariya har jami'a da shi yake zuwa. Ka ce ya hau kabu-kabu, ya harare ka: "Ƙafata ta karye ne?"

To, shekarar da aka yi juyin mulki aka rufe iyaka, abinci ya yi tsada, ɗalibai suka fara zarewa ɗaya-ɗaya. Cikinsu har da Iliya ɗan Tibiri, wanda Dokta ke cewa kansa ya fi na kowa ja. Yana shekarar ƙarshe, saura wata biyu jarrabawa, ya ajiye karatu ya kama kabu-kabu don ƙannensa su ci. In bai zauna jarrabawar nan ba, shekara uku sun tafi a banza.

Ran nan Dokta ya jingine keke, ya taka har inda 'yan kabu-kabu ke tsayawa. Suka yi masa ca: "Baba, ina zuwa?"

"Ba ku ba. Wancan mai ɓoye fuska."

"Dokta, na fa bar karatu," in ji Iliya.

"Na sani. Ni fasinja ne. Jiratawa, kuma ban son gudu."

Suna hawa titi ya manna baki a kunnen yaron ya buɗe darasi. Iliya da kansa ya ba mu labari: a tsakiyar hanya sai tambaya, in ya amsa ba daidai ba, Dokta ya taɓa kafaɗarsa. "Juya gida, na manta hulata." Hular kuwa tana kansa!

Kullum haka. Iliya ya gudu ya koma bakin kasuwa, Dokta ya gano shi. Har sauran 'yan kabu-kabu suka haddace karatun. In Dokta ya tambayi mi ke ƙona ganyen albasa a gonar rani, sai su ɗauka gaba ɗaya: "Gishiri ne, Iliya, gishiri! Amsa mu huta!"

Hajiya ta ce, "Malam, kai da ba ka hawa babur?"

"Wa ya ce babur na hau? Aji ne mai taya biyu."

Sati uku Iliya ya miƙa wuya. "Dokta, zan dawo. Aji da safe, kabu-kabu da yamma. Don Allah ka sakar min kunne."

"Ka karya?" in ji Dokta.

Iliya ya zauna jarrabawar. Amma kafin sakamako ya fito Dokta ya kwanta, kwana huɗu Allah ya karɓi abinsa. Babana ya ce bayan an rufe shi kowa ya watse, sai Iliya ya durƙusa a gefe, ya dangwali ƙasar wurin ya sa a harshe. Ya ce, "Mai kyau ce, Dokta. Babu gishiri." Babana ya fara dariya, sai ta koma kuka.

Allah ya jiƙan angona, ya sanyaya masa ƙasar da ya ƙaunata, ya shayar da shi kamar yadda ya ciyar da 'ya'yan mutane. Amin.

Iliya ya ci jarrabawa. Yanzu yana aiki da manoman rani a Jiratawa, kuma Hajiya ta ba shi gwangwanayen duka, ban da guda. Wannan yana wurina, na rubuta a jikinsa: ba barkono ba ne.