Abin Da Na Gani A Ƙirjin Gwaggo

Ina aji shida na firamare a lokacin, kuma ni yarinya ce da ko sunana aka kira sai na sunkuyar da kai. Iyayena suna wani ƙauye kusa da Gagarawa, ni kuwa ina zaune a Gumel wajen Gwaggo, ƙanwar babana, saboda makaranta. Gwaggo ta taɓa bin mijinta Ingila da ya je karatu, can ciwon daji ya kama ta a nono. Da ta dawo ta ce wa dangi allura da ƙwayoyi aka ba ta ta warke. Kowa ya yarda, don ga ta nan ƙirjinta a cike.

Ni dai ina lura. Gwaggo ba ta ɗaurin ƙirji ko da zafi ya kai zafi. In ta kwanta rigingine a tabarma, nononta na dama ya kwanta, na hagu yana tsaye. Wata rana ina zuba mata ruwa tana wanke kai, rigarta ta zame, na ga dogon tabo da sawun ɗinki ya nufi hammata. Ta dube ni, na dubi buta.

Da na je gida hutun damina na tarar Innata tana shafa wani baƙin magani da aka sayo mata a kasuwar Maigatari. Ta kama hannuna ta ɗora a nononta, na ji ƙululu kamar ƙwallon dabino. Baba yana ta fama ta je asibiti Kano, ita kuma ta kafe. Ta ce can yanke wa mace suke yi, kuma wuƙar ce ke kisa, ai ga Gwaggo ta warke ba a taɓa ta ba. Maganar ta zo mini har maƙogwaro, kunya ta mayar da ita. Ta yaya zan buɗe baki a kan jikin babba?

Haka na koma Gumel na yi zango guda cur ina kallon allo ba na ganin rubutu. Kullum sai na ce yau zan faɗa. Sai da wata maƙwabciyarmu ta zo daga ƙauye ta ce Inna ta daina daka saboda hannunta ba ya ɗaguwa, sannan na sami Gwaggo tana tsince shinkafa, na durƙusa, na ce mata Inna tana da ƙululu a nono, kuma ta ƙi asibiti ne saboda ita. Hannunta ya tsaya a cikin faifai. Na ɗauka mari zan sha. Ta tambaye ni tun yaushe, na ce tun damina. Ta ce in ɗauko mata mayafi.

A ƙauye ta shiga ɗakin Inna ta saki labule, ta ce in zauna, tun da dai idona ba ya barin komai. Ta cire riga. Ta gaya wa Inna an yanke nata gaba ɗaya, daga baya aka saka wata 'yar jakar roba mai laushi a ƙarƙashin fata, kuma wuƙar da Inna take gudu ita ta bar Gwaggo da rai. Inna ta daɗe tana shafa tabon, sannan ta tambaya ko ya yi zafi. Gwaggo ta ce ya yi, amma bai kai haihuwa ba.

An yi wa Inna aiki a Kano, sai dai likita ya ce ciwon ya riga ya taɓa hammata, da tun damina aka zo da ya fi. Har yanzu muna zuwa a duba ta, ba mu san abin da Allah zai yi ba. Ita ba a saka mata roba ba. Ni nake cusa mata audugar rimi a ƙyalle in ɗinke, ta sa a ƙirji a cikin riga.

'Yan'uwana, kunya ado ce, amma kada ku bari ta rufe muku baki a kan ciwo. Wadda kuma ta warke, ta faɗi gaskiyar yadda ta warke, domin wata tana can tana auna ranta da nata.