Wuƙar Maƙwabci

Tun da ruwan dam ya ci tsohon gari aka zuba iyayenmu a wannan tudu kusa da Wara, katanga ɗaya ce tsakanin gidan mijina da gidan Malam. Su Musulmi ne, mu masu bin Yesu. Ban yi boko ba, abin da na sani na Littafi da kunne na ji shi, amma na san yadda ake Kirsimeti a gidan nan. Da safe kafin coci, maigidana yakan ja akuya zuwa ƙofar Malam, shi kuma ya fito da wuƙarsa, ya fuskantar da ita gabas ya yanka. Ta haka duk abin da na dafa gidansu na iya ci. Kwanon da na kai musu kuwa ba ya dawowa wayam, ko busasshen kifi ne sai an saka a ciki. Da maigida ya rasu, ni na ci gaba da jan igiyar.

Bara shekarar ta zo da nauyi. Jiragen ruwa na ta sauke mutanen ƙetaren ruwa da katifu da tukwane, an kore su daga ƙauyukansu, kowa na magana ƙasa-ƙasa. A irin wannan shekara, maƙwabci ne zai buga maka ƙofa ya ce tashi ka gudu.

Ɗana ya zo daga birni da matarsa, da anko, da wata ƙatuwar sifika. Ran Kirsimeti na sauka bakin ruwa sayen kifi. Da zan dawo na tarar da Malam a ƙofarsa kan tabarma, ya riga ya wasa wuƙa.

"Uwar gida, bana akuya ce ko ɓera irin na bara?"

"Ɓeran da ka siɗe ƙashinsa? Jira ni, yanzu zan jawo ta."

Ina shiga gida na ga jini a tsakar gida. Akuyar na rataye a jikin dalbejiya, ɗana na fiɗa, matarsa na ɗaukarsa a waya.

"Wa ya yanka?"

"Ni mana, Inna. Ko ba ni da hannu?"

"Hannu kam kana da shi. Hankali nake tambaya."

Ya yi dariya. "Inna, Kirsimetinmu ne ko nasu? A birni kowa ƙofarsa a kulle yake cin abinsa."

"Shi ya sa in kun mutu sai wari ya sanar da maƙwabta."

Ya kunna sifikarsa, waƙar haihuwar Almasihu ta cika unguwa. Na leƙa waje. An naɗe tabarmar.

A coci 'yan banga na tsaye a ƙofa suna laluba jakunkunan mata. Fasto ya yi wa'azi a kan yadda aka rasa wa Maryamu masauki. Matasa na ta juya sababbin kaya suna ɗaukar hoto. Ni dai ina zaune ina tunani: Ubangiji ya zo duniya bai taho da komai nasa ba, a komin dabbobin wani aka kwantar da shi. Ya yarda ya buƙaci mutane. Mu kuma yanzu taƙamarmu ba mu buƙatar kowa, ko a wuƙa.

Da muka taso na kama kazata mai ƙwai, na yi sallama a gidan Malam. Ya daɗe bai fito ba. Da ya fito bai tsokane ni ba.

"Malam, yaro ne ya yi wauta."

"Na ji kukan akuyar," ya ce. "Nawa yaran ma sun daɗe suna cewa in bari. Ni nake ce musu, muddin an kawo, sai na yanka. Yau sun ga ba a kawo ba."

Ya karɓi kazar ya yanka. Tsufa ya kama shi, sai da ya maimaita. 'Ya'yansa maza na tsaye a zaure, ba wanda ya gaishe ni, yaran da na goya.

Na dafa ta a tukunya daban, na kai da kaina. Washegari matarsa ta miƙo kwanon ta kan katanga, an wanke shi tas. Na buɗe, ba komai a ciki. Ko sun ci ko sun zubar, ban tambaya ba.

Ɗana ya koma birni da hotunansa. Da damina 'ya'yan Malam suka ƙara wa katangar tsawo, wai saboda ɓarayi. Yanzu ko na yi ɗage ba na ganin tsakar gidansu, tarin tsohon kawai nake ji.

Bana na ɗaure akuya a ƙofar ɗakina, na kuma aika wa ɗana cewa ba mai taɓa igiyarta sai ni. Ran Kirsimeti zan ja ta zuwa ƙofar nan in tsaya. In tsohon bai iya tashi ba, zan ga ko a cikin 'ya'yansa akwai mai fitowa da wuƙa, da kuma yadda zai riƙe ta.