Farin Rago a Bakin Teku

Ni ban yi makaranta ba, ban kuma iya dogon zance ba. Abin da zan faɗa muku, wallahi ya faru da ni, Allah ne shaidata.

A shekarun tamanin, bayan farin da ya ƙone mana gero a Rogo, na tafi Lome sayar da tsire, na sauka wajen wani ɗan ƙauyen Jajaye na ƙasarmu mai suna Sale, ɗaki ɗaya muke kwana, tukuba ɗaya muke gashi. Shekararmu biyu a garin ba mu taɓa hutu ba, sai kashegarin wata Babbar Salla, da yake kowa yana da nama a gida ba mai neman namu, Sale ya ce mu ari kekuna mu je mu ga ƙasar mutane.

Muka fita da hantsi muka yi gabas, muna ratsa gonakin masara da itatuwan kwakwa, Sale yana tsayawa yana damƙar ƙasa yana murzawa, wai gyaɗa ba za ta yi a nan ba. Na ce masa to a aika wa sarkinsu ya sani. Muka sha ruwan kwakwa a wani ƙauye, muka yi azahar a gindin bishiya, sannan muka gangara bakin teku, wurin da ba kowa sai wani tsoho can nesa yana ɗinkin komar kamun kifi.

A nan muka ga ragon. Fari fat, da jan ƙyalle a wuya, an ɗaure shi a turke daidai inda ruwa ke zuwa, ruwan har ya kai masa ƙirji. Ba ya kuka, ba ya jan igiya. Ku kun sani, a wajenmu manomi ba ya ganin dabba za ta halaka ya wuce, cetonta yake yi sannan ya yi cigiyar mai ita. Kafin in ce wani abu Sale ya naɗe wando ya shiga ya kwance shi.

Sai ga tsohon nan da gudu, abin da ban zaci zai iya ba. Da guntuwar Hausar kasuwa ya ce, "Aboki, mayar. Mai shi yana zuwa. Bai samu rago, ya ɗauki mai kwancewa."

Sale ya yi dariya ya ce, "Baba, in ya zo ka ce ya same ni a zangon Hausawa."

Bai rufe baki ba teku ya yi shiru. Wanda ya taɓa zuwa ya san rurinsa ba ya yankewa, amma ranar ɗif, har numfashin ragon nake ji. Ruwan ya ja baya, ya yi ta ja, ƙasa ta fito tana sheƙi. Na juya in ce wa Sale mu tafi, na ga ya saki igiya yana tafiya ciki, a hankali, kamar wanda aka aika. Na kira shi, ya ce ba tare da ya waiwayo ba, "Ba ka ji Inna tana kira ba?" Innarsa kuwa ni na taya haƙa kabarinta a Jajaye.

Na bi shi na kama shi, ya jefar da ni kamar tsumma, alhali na fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba. Tsohon yana ta nuna mini rago da turke. Na san abin da ake nufi, na san ba don Allah aka ɗaure dabbar nan ba, na kuma san hukuncin wanda ya taimaka. Amma Sale ya kusa kai inda ruwan ya tsaya. Na ja ragon na ɗaure da hannuna.

Raƙumin ruwa ɗaya ya zo, ba babba ba, ya wuce ta ƙafafun Sale bai ko girgiza shi ba, ya rufe turken ya koma. Ba rago. Igiyar tana nan, ƙullina yana nan, zoben wuyan a rufe yadda na ɗaure shi. Sale ya zube yana tambayata me ya kawo shi cikin ruwa.

Da za mu hau keke tsohon ya ce mini a hankali, "Ya karɓa. Amma ya ga fuskar abokinka."

Ba mu sake kwana bakwai a Lome ba. Sale ya koma noma, ko rafi bai ƙara shiga ba, ni kuma har yau ina neman gafarar ɗaurin nan. Bayan shekara tara, da rani tsaka, aka tsince shi da azahar a gonarsa ya rasu. Ni na yi masa wanka. Rigarsa sharkaf take, gashinsa cike da farin yashi irin wanda babu shi ko'ina a ƙasar Rogo, ga ƙarnin teku ya cika ɗakin. Liman ya dube ni, na sunkuyar da kai.

Shawarata ɗaya ce. In kun je ƙasar da ba taku ba kuka ga abu a ɗaure, ku nemi wanda ya ɗaure kafin ku kai hannu. In ba ku gan shi ba, ku yi addu'a ku wuce.